Mai Bi a Wurin Aiki: Siyasar Ofis da Hawa Matakin Shugabanci

Gabatarwa

Yawancin masu aikin albashi suna shafe sa'o'i 8 a rana, kwana 5 a mako, tare da mutanen da ba su ne suka zaɓa ba. Sa'o'i 40 ke nan a mako, alhali sujadar Lahadi da nazarin tsakiyar mako da ƙyar su kai 5. Ashe ke nan a ofis, da asibiti, da makaranta, da banki, da masana'anta ne aka fi ganin halin mai bi, a can ne kuma aka fi gwada shi.

Sau da yawa abin da ke raba ma'aikaci da barci ba nauyin aikin ba ne. Mutane ne. An tsallake shi an ba na bayansa girma, ko an kai gulmarsa wurin maigida, ko an jefa shi ƙauye mai nisa domin ya ƙi sa hannu a wata takarda. Idan ya koma gida, mata da yara su sha fushin. Wani ya yi zuciya ya ajiye aiki, iyali su shiga yunwa. Wani kuma ya ce abin da kowa ke yi shi ma zai yi, ya sayar da shaidarsa.

Manufar wannan darasi ita ce mu ga yadda mai bi zai zauna lafiya cikin irin wannan hali, ya ci gaba a aikinsa har ya kai ga shugabanci, hannunsa kuwa da tsabta. Zai yi kyau iyali su karanta Daniyel sura 6 tare kafin su shiga darasin.

1. Mece ce siyasar ofis?

Ba siyasar jam'iyya muke nufi ba. Siyasar ofis ita ce hanyoyin da ma'aikata ke bi, a fili da a ɓoye, don samun fada wurin na sama, da kare matsayinsu, da kai wa ga abin da ba zai ishi kowa ba. Kujerar darekta ɗaya ce, masu hanƙoronta goma. Gurbin zuwa kwas biyu ne, sashe kuwa yana da mutum talatin. Duk inda masu nema suka fi abin nema yawa, za a yi gasa. A ƙasarmu kuma gasar takan sa rigar ƙabila, ko ta addini, ko ta 'yan jiha da baƙi.

Abin ba sabo ba ne, bai kuma tsaya a ƙofar majami'a ba. A Markus sura 10, Yakubu da Yahaya sun keɓe suka roƙi manyan kujeru biyu, sauran goman da suka ji kuwa suka fusata. Ofisoshin ikkilisiya, da makarantu da asibitocinta, ba su tsira ba.

Akwai kurakurai biyu da masu bi kan faɗa ciki. Na farko, mutum ya ce shi ba ruwansa da kowa, aikinsa kawai ya sani. Irin wannan yakan wayi gari an yanke shawara a kansa ba ya nan, ba kuma mai yi masa magana. Na biyu, mutum ya tsunduma cikin makirci ya ce haka duniya take. A Matiyu sura 10 Ubangiji ya haɗa wa almajiransa abu biyu, wato wayo da rashin ɓarna. Wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya zai sha wahala, ko kuwa ya wahalar da wasu.

2. Aikin da ba a samun aibu a cikinsa

Sarki Dariyus ya naɗa hakimai 120 a kan mulkinsa, ya sa shugabanni 3 a bisansu domin kada sarki ya yi hasara. Daniyel yana cikin ukun, ya kuma yi fice har sarki ya yi niyyar ɗora shi a kan dukan mulkin. Nan ne hassada ta tashi. Abin lura shi ne inda maƙiyansa suka fara bincike. Cikin aikinsa suka fara, suna neman almundahana ko sakaci, ba su samu ko ɗaya ba. Sai da suka rasa suka koma ga addu'arsa, suka ƙulla dokar kwana 30.

Haka abin yake har yau. Wanda ke son kā da kai zai fara da rajistar zuwa aiki, da rasit, da fayil ɗin da ya kwana a teburinka. Mai bi da ke zuwa ƙarfe goma, ya tashi ƙarfe ɗaya da sunan taron addu'a, shi ya miƙa wa maƙiyinsa sanda. Idan an hukunta shi, kada ya kira abin tsanani.

Ga waɗansu halaye da ke kare ma'aikaci. Ka karanta kowace takarda kafin ka sa hannu, domin ranar bincike mai sa hannu ake nema, ba wanda ya ba da umarni da baki ba. Idan aka umarce ka da baki a kan abin da ya shafi kuɗi ko kaya, ka roƙa cikin ladabi a rubuta maka, ko kai ka rubuta gajeriyar takarda kana tabbatar da abin da aka ce. Umarnin da mai shi ya ƙi rubutawa yawanci akwai lauje cikin naɗi. Ka ajiye kwafin takardar ɗaukarka aiki, da ta tabbatarwa, da ta kowane ƙarin girma, da takardun shaidar karatu, a gida. Fayil yakan ɓace a ofis, sau da yawa kuwa ba ɓera ne ya ci shi ba. Ka kuma riƙe ɗan littafi inda kake rubuta aikin da aka ba ka da ranar da ka gama.

3. Ka san dokar aikinka

Manzo Bulus ya san 'yancinsa na ɗan ƙasar Roma, ya kuma yi amfani da shi. A Ayyukan Manzanni sura 22 ya hana a yi masa bulala ba tare da shari'a ba, a sura 25 kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Sanin doka ba rashin bangaskiya ba ne.

Aikin gwamnati a Nijeriya yana da matakai daga 01 zuwa 17, tsarin da ya samo asali daga rahoton Hukumar Udoji na 1974. Mai digiri na farko yakan fara a mataki na 08. A aikin Gwamnatin Tarayya, ma'aikacin da ke mataki na 06 zuwa ƙasa sai ya yi aƙalla shekara 2 kafin a duba ƙarin girmansa, na mataki na 07 zuwa 14 shekara 3, na 15 zuwa 17 kuma shekara 4. Cika shekarun ba ya wadatarwa. Ana duba jarrabawa ko ganawa, da rahoton ƙwazon ma'aikaci, da daɗewa a aiki, sa'an nan dole ne a sami gurbi. Mutane da yawa da ke zargin maƙiya ba su san cewa ba gurbi a matakin da suke nema ba.

Shekara da shekaru takardar APER ce ma'aunin ƙwazo, a 'yan shekarun nan kuma Gwamnatin Tarayya ta juya ga sabon tsarin da ke auna ma'aikaci bisa ayyukan da aka amince da su tun farkon shekara. Ko wanne ake bi a ma'aikatarka, ka cika naka da kanka, da gaskiya, a kan lokaci, ka kuma karanta abin da maigidanka ya rubuta a kanka.

Kundin Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Biyar, ya shimfiɗa ƙa'idojin ɗa'a ga ma'aikatan gwamnati. Ya hana karɓar kyauta saboda yin aiki ko ƙin yinsa, ya hana ma'aikacin cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa in ban da noma, ya kuma wajabta bayyana kadarori. Masu aiki a kamfani ko ƙungiya su ma suna da takardar sharuɗɗan aiki. Ka nemi taka, ka karanta tun ba a shiga rigima ba.

4. Harshe da ɓangaranci

Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, Yakubu sura 3 kuma ta kwatanta harshe da ƙaramar wuta mai cinye babban kurmi. Yawancin faɗan ofis daga hira yake farawa: a ƙarƙashin bishiya, ko wurin mai abinci, ko cikin motar ma'aikata. A zamanin nan an ƙara da zauren WhatsApp na ma'aikata, inda ake iya ɗaukar hoton magana a tura wa wanda aka zaga kafin a tashi aiki.

Ka'ida mai sauƙi ita ce, kada ka faɗi a bayan mutum abin da ba za ka iya maimaitawa a gabansa ba. Wanda ya kawo maka gulmar wani, zai kai taka. Ba lalle ne ka yi masa wa'azi ba. Ya isa ka tambaye shi ko ya faɗa wa mai maganar, ko ka juya hirar. Sau biyu ko uku, zai daina zuwa. Asirin gidanka, da bashin da ke kanka, da ra'ayinka game da maigida, ba kayan hira ba ne.

Kusan kowane ofis yana da ɓangarori: mutanen darekta da mutanen mataimakinsa, ko 'yan wannan yanki da na wancan. Za a ja ka, wani lokaci ma da sunan 'yan'uwantaka cikin bangaskiya. Ka yi hattara. Wanda ya jingina da mutum ɗaya, ranar da aka yi wa mutumin canji shi ma ya faɗi. Zumuntar masu bi a wurin aiki abu ne mai kyau don addu'a da ƙarfafa juna, amma idan ta zama wurin ƙulla yadda za a ture wani, ta ɓace hanya.

Ka gaida kowa, tun daga maigadi da masinja da direba har zuwa babban sakatare. Ka je gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa ta abokan aikinka, Kirista da Musulmi. Ka riƙe wa abokin aikinka tebur lokacin da ya tafi sallar Juma'a, shi ma zai riƙe maka ranar da kake bukata. Ba fadanci ba ne, zaman tare ne, kuma waɗannan ƙananan ma'aikata da ake rainawa sukan san inda fayil ya maƙale tun kafin manya su sani.

5. Zama da maigida

A Daniyel sura 1 saurayi Daniyel ya ƙudura ba zai ci abincin sarki ba. Dubi yadda ya bi da abin. Bai yi bore ba, bai kunyata kowa ba. Ya gane tsoron shugaban fadawa, wanda ya ce kansa na cikin hatsari idan samarin suka rame. Sai ya kawo shawarar gwaji na kwana 10 da ganyaye da ruwa, a duba a gani. Ya riƙe gaskiyarsa, ya kuma ba na sama da shi hanyar fita.

Nehemiya, mai shayar da Sarki Artashate, ya ji labarin rushewar garun Urushalima a watan Kisle, amma bai yi magana ba sai watan Nisan, kimanin wata 4 yana addu'a. Da sarki ya tambaye shi abin da yake so, amsa a shirye take: tsawon lokacin da zai yi, wasiƙu zuwa ga gwamnoni, da wasiƙa zuwa ga mai lura da kurmin sarki domin katako.

Darussa uku ke nan. Ka san abin da ke damun maigidanka, domin shi ma akwai wanda ke tuhumarsa. Ka zaɓi lokacin magana. Ka kuma zo da mafita tare da matsala. Idan kana da saɓanin ra'ayi, ka same shi a keɓe, kada ka ƙaryata shi a tsakiyar taro. Kada ya fara jin labarin sashenka daga bakin wani. Kada ka tsallake shi zuwa wurin na sama sai ta hanyar da doka ta tanada.

To, idan maigidan azzalumi ne fa? Dawuda ya yi wa Saul hidima, Saul kuwa ya jefe shi da mashi. Dawuda ya kauce, daga baya ya gudu, amma sau biyu ya sami zarafin kashe Saul bai yi ba. Akwai lokacin haƙuri, akwai lokacin neman canjin sashe, babu lokacin ramuwa. Iyakar biyayya ita ce inda aka ce ka yi zunubi: ka ƙara sifiri a takardar biyan kuɗi, ka sa sunan ma'aikacin bogi, ka canza makin ɗalibi. A nan amsa ita ce a'a, cikin ladabi, ba tare da zagi ba.

Haka kuma idan mai iko ya nemi lalata da ke, 'yar'uwa, ko da kai, ɗan'uwa, a bakin aiki ko ƙarin girma. Yusufu ya bar rigarsa ya gudu. A guji keɓewa da mutumin, a ajiye saƙonnin da ya aiko, a faɗa wa miji ko mata da wani dattijo amintacce tun da wuri, a kuma kai ƙara. Hukumar ICPC, wadda aka kafa a 2000, tana ɗaukar irin wannan a matsayin amfani da muƙami ba bisa ƙa'ida ba.

6. Sa'ad da aka ƙulla maka sharri ko aka tsallake ka

Abu na farko, kada ka amsa da zafi. Takardar da aka rubuta cikin fushi takan zauna a fayil har ranar ritaya. Idan aka ba ka takardar tuhuma, ka amsa cikin lokacin da aka ƙayyade, a taƙaice, da ranaku da hujjoji, ba tare da sukar kowa ba. Ka ba wani mai hankali ya karanta kafin ka miƙa. Inda laifin naka ne, ka amsa shi ka nemi gafara.

Abu na biyu, ka bincika kafin ka yanke hukunci. Gaskiya ne ana nuna bambanci saboda addini ko ƙabila a wurare da dama, masu bi kuma sun sha shi, kamar yadda waɗansu suka sha a hannun masu kiran kansu Kirista. Amma kafin ka ce don bangaskiyarka aka hana ka, ka tambayi kanka: na ci jarrabawar? Takarduna sun cika? Wanda aka ba ya fi ni ƙwarewa? Ka je wurin maigidanka ka tambaye shi abin da ya kamata ka gyara. Mai saurin cewa tsanani ne yakan rufe wa kansa ƙofar gyara.

Abu na uku, ka bi matakai. Matiyu sura 18 ta koya mana a fara da mutumin shi kaɗai, sa'an nan da shaidu, sa'an nan a gaban jama'a. A ofis ma haka: magana a keɓe, sai rubutaccen koke ta hannun shugaban sashe, sai ƙungiyar ma'aikata. Idan abin ya faskara, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa mai sauraron shari'un ƙwadago. Takardar ƙara marar suna kuwa makamin matsorata ce. Abin da ba za ka iya sa sunanka a ƙarƙashinsa ba, ka sake tunani a kansa.

Wani lokaci ma amsar ita ce ci gaba da aiki. Sanballat da Geshem sun aika wa Nehemiya sau 4 ya sauko su gana a filin Ono, na biyar kuma da buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zarginsa da shirin tawaye. Ya musanta zargin a taƙaice, ya ƙi barin aikinsa, garun kuwa ya ƙare cikin kwana 52. Ba kowace jifa ce ta cancanci a waiwaya ba.

Kada ka nemi taimakon boka ko laya domin kujera, kada kuma ka mai da addu'a makamin la'antar abokin aiki. Haman ya kafa wa Mordekai gungume, shi aka rataye a kai. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

7. Neman ci gaba ta hanyar da ta dace

Waɗansu masu bi suna ganin son ci gaba girmankai ne. Ba haka ba ne. Yusufu, yana kurkuku, ya roƙi mai shayar da Fir'auna ya tuna da shi a gaban sarki. Mutumin ya manta da shi shekara 2 cif. Daga sayar da shi yana ɗan shekara 17 zuwa tsayawarsa gaban Fir'auna yana da 30, shekara 13 ke nan. Amma shekarun ba su tafi a banza ba. A gidan Fotifar ya koyi riƙon dukiya, a kurkuku ya koyi riƙon mutane. Ranar da aka kira shi, bayan fassarar mafarki ya kawo tsari: a naɗa masu lura, a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekaru 7 na ƙoshi. Tsarin ne ya nuna shi ya dace da aikin.

Saboda haka ka shirya tun ba a kira ka ba. Ka ƙara ilimi, ko ta karatun ƙarshen mako ko ta Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa. Ka zauna jarrabawar ƙwararru ta fanninka. Ka iya kwamfuta sosai. Ka koyi rubuta rahoto mai tsabta da yin bayani a gaban taro cikin minti biyar, domin mai iya waɗannan biyu ba ya ɓoyuwa. Ka karɓi aikin da wasu ke gudu, kamar sakataren kwamiti, gama a nan ake koyon yadda ake yanke shawara. Ka nemi wani babba mai mutunci, ko da ya yi ritaya, ya riƙa ba ka shawara.

Ka bari a san aikinka ba tare da busa ƙaho ba. Gajeren rahoto ga maigida a ƙarshen wata ya isa. Ka ambaci waɗanda suka taimaka, kada ka ci guminsu. Ka bambanta wannan da hanyar Absalom, wanda ya riƙa tsayawa a bakin ƙofar birni yana nuna wa masu ƙara cewa ba mai sauraronsu, har ya sace zukatan jama'a daga mahaifinsa. Wanda ya hau ta hanyar ɓata na gaba da shi ya koya wa na bayansa yadda za su yi da shi. Wanda kuma ya sayi kujera da kuɗi ko da ubangida, ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

8. Bayan an hau kujera

Ranar da aka ba ka ofis, abokan hirarka na jiya sun zama na ƙarƙashinka, wanda kuka nema tare kuma yana kallonka. Ka fara da sauraro. Nehemiya ya kwana 3 a Urushalima, ya zaga garun da dare ya ga ɓarnar da idonsa, kafin ya kira mutane. Ka kira wanda ya yi takara da kai, ka girmama shi, ka ba shi aiki na gaske. Kada ka buɗe littafin ramuwa.

Ka koyi raba aiki. A Fitowa sura 18 Yetro ya ga Musa yana shari'a daga safe har yamma, ya gargaɗe shi cewa zai gaji, jama'a ma su gaji. Ya ba shi shawara ya naɗa shugabanni na dubu, da na ɗari, da na hamsin, da na goma, mutane masu iyawa, masu tsoron Allah, amintattu, masu ƙin haramtacciyar riba. Babu ƙabila ko dangi cikin sharuɗɗan. Shugaban da ya cika ofis da 'yan garinsu ko 'yan majami'arsu yana yin abin da ya yi kuka a kansa jiya.

Ka kula da masu ba ka shawara. Rehobowam ya ƙi shawarar dattawa ya bi ta samarin da suka tashi tare, kabilu 10 suka balle. Ba a mugun sarki sai mugun bafade. Idan aka kawo maka ƙarar wani, kada ka yanke hukunci sai ka ji ta bakinsa. Ka yaba a fili, ka tsauta a keɓe. Idan sashe ya yi kuskure ka tsaya a gaba, idan ya yi nasara ka tura mutanenka gaba.

Gaskiya a kujera tana da tsada. Nehemiya ya yi shekara 12 yana gwamna bai karɓi abincin da doka ta ba gwamna ba, domin jama'a na cikin ƙunci. A zamaninmu, Farfesa Dora Akunyili ta shugabanci hukumar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ta yaƙi masu jabun magunguna, har aka harbi motarta a Jihar Anambra a watan Disamba na 2003, Allah ya kiyaye ta. Ba ta janye ba, sunanta kuma ya wanzu bayan rasuwarta a 2014.

A tuna kuma kujera aro ce. Yawancin ma'aikatan gwamnati suna ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Musa ya horar da Joshuwa. Shugaban da ya tafi aiki ya rushe a bayansa bai gama aikinsa ba.

9. Rabon iyali da ikkilisiya

Yawancin abin da ke tura ma'aikaci ga cin amana daga gida yake fitowa. Mata ko miji mai gori da motar maƙwabci, da dangi masu cewa yanzu lokacinmu ne, suna iya kai mutumin kirki gidan yari. Miji da mata su san albashin juna, su tsara rayuwa daidai da shi, su ajiye wani abu domin ranar tsanani. Wanda yake da ajiyar 'yan watanni da 'yar gona ya fi ƙarfin cewa a'a. Idan ɗayanku ya dawo da ɓacin rai, a saurare shi, a yi addu'a tare, kada a zuga shi. A kula da abin da ake faɗa a gaban yara, gama daga teburin abinci suke koyon yadda ake magana a kan na gaba.

Ikkilisiya ma tana da nata. Idan muka mai da kowane ɗan'uwa da ya sami muƙami babban baƙo a kowane taron neman gudummawa, muna sa ran abin da albashinsa ba zai iya ba, muna tura shi ga jaraba. Ya fi kyau dattawa su ziyarce shi, su yi masa addu'a, su tambaye shi yadda yake riƙon amana. Zumuntar maza, da ta mata, da ta matasa za su iya haɗa waɗanda suka yi ritaya da masu fara aiki domin koyarwa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Idan aka binciki aikinka kamar yadda aka binciki na Daniyel, me za a samu?
2. Ina bambanci tsakanin girmama maigida da fadanci?
3. Ta yaya mai bi zai gane ko tsanani yake sha ko sakamakon sakacinsa?
4. Waɗanne buƙatu ne iyalinmu ke ɗora wa mai aiki a cikinmu da suka fi ƙarfin albashinsa?
5. Wa kake horarwa domin ya gaje ka?

Kammalawa

Ba mu da alkawarin cewa kowane mai gaskiya zai kai mataki na 17. Daniyel ya fito daga ramin zakoki, amma Yahaya Mai Baftisma bai fito daga kurkuku ba. Waɗansu za su yi ritaya a ƙaramin matsayi saboda sun ƙi lanƙwasa, kuma ba su yi hasara ba. Kolosiyawa sura 3 ta tuna mana cewa Ubangiji ne ainihin wanda muke yi wa aiki, daga wurinsa kuma lada take. Wanda ya riƙe wannan zai iya jiran lokacinsa ba tare da ɗaci ba, idan kuma ya hau, zai riƙe kujera a matsayin bawa.

A rufe da addu'a domin kowane mai aiki a cikin gida, a ambaci sunansa da na maigidansa, har da wanda ke ba shi wahala. A roƙi hikima domin mako mai zuwa, da ƙarfin zuciya domin ranar da za a ce a sa hannu a abin da bai dace ba. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.